Fumfunar Ƙasa, Filaks Da Fari: Darasin Da Ya Kamata Mu Ɗauka Daga Gonakin Kanada

A shekarar 2021 fari mai tsanani ya afka wa lardunan yammacin Kanada, wato Saskatchewan da Manitoba da Alberta, yankin da ake yi wa kallon rumbun abincin ƙasar. Alkama ta ƙone a tsaye, makiyaya suka riƙa sayar da shanu don rashin ciyawa, kuma filaks ɗin da aka girbe a wannan shekara ya ragu da fiye da kashi ɗaya cikin uku idan aka kwatanta da na 2020. Mai karatu na iya tambaya: ina ruwan manomin Gumel ko na Tasawa da tsiron da bai taɓa gani ba, a ƙasar da ƙanƙara ke rufewa rabin shekara? Amsarmu ita ce, wannan tsiro ya tona wani asiri na ƙasar noma wanda ya shafi kowane mai riƙe da fartanya, kuma a ganinmu lokaci ya yi da masu tsara manufofin noma a Najeriya da Nijar za su dube shi da idon basira.

Filaks shi ne tsiron da Larabawa ke kira kattan. Yana daga cikin tsofaffin amfanin gona da ɗan Adam ya fara nomawa. Daga bawon karansa ake samun zaren da ake saƙa yadin lilin, irin wanda Misirawan dā suke naɗe gawarwakin Fir'aunoni da shi. Daga 'ya'yansa kuma, waɗanda suka ɗan fi riɗi girma, ake tatsar man da ake haɗa fenti da shi, ake kuma ci saboda amfaninsa ga jiki. A yau Rasha da Kazakistan da Kanada ne kan gaba wajen noman na mai, Faransa ce ta yi fice a na zare, musamman yankin Normandi. A Afirka Habasha ce ta shahara da shi, inda ake kiransa telba, ana soya shi a daka a dama a sha.

Tsiro ne mai ƙaramar saiwa. Idan aka tuge shi aka gwada da alkama, za a ga saiwarsa ba ta da yawan rassa, kuma yawancinta a saman ƙasa take. Saboda haka da zarar ruwa ya ɗauke a lokacin da yake fure ko yake cika 'ya'ya, yakan ji jiki da wuri. Abin da ke rufa masa asiri wata halitta ce da ido ba ya gani.

Mece ce fumfunar ƙasa?

Idan aka ce fumfuna, hankalin mutane yakan tafi ga wadda ke ɓata burodi ko ta lalata gyaɗa a rumbu. Amma dangin fumfuna suna da yawa, kuma a cikinsu akwai masu amfani. Wadda muke magana a kai tana zaune ne a cikin ƙasa, tana shiga cikin saiwar tsiro ba tare da ta cutar da shi ba. Masana suna kiran wannan zama maikoraiza, kalmar da wani masanin tsirrai Bajamushe, Albert Frank, ya ƙirƙira a 1885 daga kalmomin Girkanci biyu masu nufin fumfuna da saiwa. Zaman ya daɗe ƙwarai, domin an ga alamunsa a cikin duwatsun Rhynie da ke Skotland, waɗanda shekarunsu suka kai kusan miliyan 400. Mafi yawan tsirran doron ƙasa suna da irin wannan abokiyar zama, ciki har da dawa, gero, masara, wake, gyaɗa, rogo da albasa.

Cinikin da ke tsakaninsu ban gishiri in ba ka manda ne. Fumfunar ba ta iya haɗa abincinta, don haka tsiro ke ba ta sukari da maiƙo daga abin da ganyensa ya sarrafa da hasken rana, wani lokaci har kusan kashi ɗaya cikin biyar. Ita kuma sai ta miƙa zaruruwanta, waɗanda suka fi gashin saiwa siranta nesa ba kusa ba, su ratsa ƙasa tazarar santimita da dama daga saiwar, su kwaso sinadarai su kawo. Babban abin da take kawowa shi ne fosfat, wato sinadarin da manomi ke nema idan ya sayi takin sufa, sai kuma zinki.

Dalilin da ya sa wannan aiki ya zama muhimmi shi ne fosfat ba ya yawo a cikin ƙasa. Yuriya takan narke ta bi ruwa har inda saiwa take, amma fosfat yakan maƙale a jikin ƙwayoyin ƙasa. Cikin 'yan kwanaki saiwa takan tsotse wanda ke kusa da ita, tazarar da ba ta wuce milimita ɗaya zuwa biyu ba, daga nan sai ta zauna cikin yunwa alhali abincin yana nan kusa. Zaren fumfuna ne ke tsallake wannan tazara.

Abin da Kanada da Ostareliya suka gano

Manoman Kanada sun daɗe da lura cewa filaks ɗin da aka shuka a gonar da aka yi kanola bara ba ya yin kyau kamar wanda ya biyo bayan alkama. Kanola dangin kabeji ce, ana nomanta don mai, kuma ita ce ta fi kawo wa manomin yankin kuɗi. Alƙaluman inshorar amfanin gona na lardin Manitoba sun nuna wannan bambanci shekara da shekaru. Binciken da Cynthia Grant da abokan aikinta suka yi a cibiyar binciken noma ta gwamnatin tarayya da ke Brandon ya bayyana ɗaya daga cikin manyan dalilan: dangin kabeji ba sa karɓar wannan fumfuna a saiwarsu. Damina guda da aka yi ana kanola, damina ce da fumfunar ta yi ba ta da mai ciyar da ita, don haka yawanta yakan ragu. Idan filaks ya tsiro a shekara mai zuwa, sai ya tarar da abokiyar zamansa ta yi rauni a daidai makonnin farko da ya fi bukatar fosfat.

Wani zai ce ai sai a ƙara taki. Nan ma filaks ya ba da mamaki. Ƙwayarsa ba ta jure takin da aka zuba kusa da ita, kuma sau da yawa ƙarin fosfat a shekarar shuka ba ya ƙara masa wani abin kirki. Haka kuma idan fosfat ya yi yawa a saiwa, tsiro yakan rage karɓar fumfunar, tun da ba ya ganin dalilin ciyar da ita. Shi ya sa shawarar da malaman gona ke bayarwa a can ba ta kuɗi ba ce: kada a shuka filaks bayan kanola, a shuka shi bayan hatsi ko dangin wake.

A Ostareliya ma an ga irin haka ta wata fuskar. A yankin Darling Downs na jihar Queensland, manoma kan bar gona fayau babu ko ciyawa fiye da shekara guda don ƙasa ta tara danshi. Bisa lissafi ya kamata amfanin da ya biyo baya ya yi kyau, amma sai aka riƙa ganin filaks da wasu amfanin suna tsumburewa, ganye yana nuna alamun rashin fosfat da zinki. Wani masani mai suna John Thompson ya nuna, a binciken da ya wallafa daga 1987 zuwa tsakiyar shekarun 1990, cewa fumfunar ce ta mutu saboda ta daɗe ba ta sami saiwa mai rai ba. Da ya mayar da ita cikin ƙasar, filaks ya farfaɗo.

Akwai kuma batun huɗa. Binciken da aka yi a kan masara a Jami'ar Guelph da ke lardin Ontario ya nuna cewa yawan birkita ƙasa yana tsittsinka zaruruwan da fumfunar ta shimfiɗa tun bara, sabon tsiro kuma ya rasa hanyar da zai jona da wuri ya sami fosfat.

Ina alaƙarta da fari?

Hanyoyin suna da yawa, kuma kowace tana da ma'ana ga wanda ya san gona. Ta farko, idan ƙasa ta bushe, fosfat yakan ƙara wuyar motsi, don haka tsiron da fari ya kama yana fama da ƙishirwa da yunwa a lokaci guda. Wanda ke da fumfuna yakan ci gaba da samun abinci, saiwarsa ta ci gaba da girma tana neman danshi. Ta biyu, zaruruwan suna shiga ƙananan ƙofofin ƙasa da saiwa ba za ta iya kutsawa ba, inda ɗan ruwa yakan saura bayan sauran wurin ya bushe. Ta uku, suna ɗinke ƙwayoyin ƙasa su zama 'yan dunƙule-dunƙule. A 1996 wata masaniya a ma'aikatar noma ta Amurka, Sara Wright, ta bayyana wani abu mai danƙo da ta danganta da wannan fumfuna, ta sa masa suna gulomalin. Ƙasar da ta dunƙule haka takan sha ruwan sama ta riƙe shi, maimakon ya gangare ya tafi da taki. Ta huɗu, an lura cewa tsiron da ke da fumfuna yakan daɗe bai rufe ƙofofin numfashin ganyensa ba idan ruwa ya fara ƙaranci, wato yana ci gaba da haɗa abinci bayan maƙwabcinsa ya tsaya.

An gwada wannan a kan filaks kai tsaye. Masu bincike na Jami'ar Urmia da ke arewa maso yammacin Iran sun wallafa sakamakon gwajin gona a 2017, inda suka rage wa filaks ban ruwa da gangan. Wanda aka haɗa da fumfunar ya fi wanda ba a haɗa ba jure ƙishirwa da ba da 'ya'ya.

Sai dai kada a wuce gona da iri. Fumfuna ba ta kawo ruwan sama. Idan fari ya kai irin na 2021 a Kanada, ko irin na 1973 da 1984 a yankinmu, kowace gona za ta ji a jikinta. Inda take nuna amfaninta shi ne a tsaikon ruwa na kwana goma ko mako biyu a tsakiyar damina, irin wanda ke raba manomin da ya cika rumbu da wanda ya tashi da kara. Irin wannan tsaiko kuwa manomanmu sun san shi sarai.

Inda zancen ya iso gida

Ba ma noman filaks a ƙasar Hausa, amma matsalar da ta sa filaks ya dogara da fumfuna ita ce matsalar ƙasarmu. Jigawar da ake noman gero da dawa a arewacin Najeriya da kudancin Nijar tana daga cikin ƙasashen da suka fi ƙarancin fosfat a duniya. Masu bincike a cibiyar ICRISAT da ke Sadore kusa da Yamai sun daɗe da nuna cewa a wurare da yawa rashin fosfat ne ke fara tauye gero tun kafin a zo maganar ruwa. Wani bincike da aka wallafa a shekarar 2000 a kan gonakin gwaji na yankin Sahel ya nuna cewa hatsin da ya biyo bayan dangin wake yakan sami fumfuna a saiwarsa da wuri fiye da wanda ake maimaita hatsi a kan hatsi. Wato dabarar kakanninmu ta haɗa gero da wake, ko juya gyaɗa da dawa, tana da wani amfanin da ya wuce wanda aka saba faɗa.

Akwai alaƙa ta biyu da za ta fi jan hankalin manomin dawa, ita ce ta ƙuduji, wanda wasu ke kira wuta-wuta. Idan dawa ko masara ta ji yunwar fosfat, saiwarta takan fitar da wani sinadari cikin ƙasa. A 2005 wasu masana a Japan, ƙarƙashin jagorancin Kohki Akiyama, suka gano cewa wannan sinadari kira ne ga fumfuna ta zo. Matsalar ita ce irin ƙuduji da ke kwance a ƙasa shi ma wannan kiran yake jira kafin ya tsiro. Tun 1966 aka san sinadarin a matsayin mai tayar da ƙuduji, kafin a fahimci ainihin aikinsa. Saboda haka gwargwadon yunwar gona, gwargwadon ƙarfin kiran, gwargwadon yawan ƙuduji. Wannan ya yi daidai da abin da kowane manomi ya sani, cewa ƙuduji ciwon gajiyayyiyar gona ne. A arewacin Kamaru, gwajin da Venasius Lendzemo da abokan aikinsa suka wallafa a 2005 ya nuna cewa hatsin da aka haɗa da fumfuna ya sami raguwar ƙuduji.

Masu noman rani ma akwai abin dubawa. Kabeji ba ya karɓar fumfuna, alayyafo ma bai cika karɓarta ba, ita kuwa albasa tana cikin amfanin da suka fi dogara da ita saboda ƙarancin rassan saiwarta. Haka nan ƙasar da ruwa ya daɗe kwance a kanta takan yi asarar fumfuna. Bayan ambaliyar 1993 a tsakiyar Amurka an ga masara tana nuna alamun rashin fosfat a gonakin da ruwa ya kwanta, aka kuma danganta hakan da wannan dalili. Bayan ambaliyar 2022 da ta cinye gonaki a Jigawa da wasu jihohi, an ƙidaya amfanin da ya salwanta, amma halin da ƙasar kanta ta shiga bai sami irin wannan kulawa ba.

Ya kamata a bambanta abu biyu. Saura irin tamu, wadda ciyawa da ƙananan itatuwa ke rufewa, tana ciyar da fumfuna ne, domin akwai saiwa mai rai a cikinta. Wadda ke kashe ta ita ce gonar da aka bari fayau, ko wadda zaizaya ta kwashe samanta ta koma fako, tun da yake a saman ƙasa yawancin irin fumfunar yake.

Hattara da 'yan kasuwa

Duk inda aka ce abu yana da amfani, ba a daɗewa sai an gan shi a leda ana tallarsa. Kamfanoni a ƙasashe da dama suna sayar da garin da suka ce yana ɗauke da irin wannan fumfuna. Wani bincike da Matthias Salomon da abokan aikinsa suka wallafa a 2022, bayan sun gwada kayan da ake sayarwa a Turai da Ostareliya da Arewacin Amurka, ya gano cewa fiye da kashi huɗu cikin biyar na waɗanda aka gwada ba su shiga saiwa ba sam. Ko mai kyau ma ba ko'ina yake aiki ba. A wani gwaji da aka yi a gonakin masara 54 a Switzerland, wanda aka wallafa a 2023, wasu gonakin sun sami ƙarin da ya kai kashi 40 cikin ɗari, wasu kuma sun ragu da kusan kashi 12. Halin ƙasar da halittun da ke cikinta tun asali su ne suka raba.

Idan haka ta faru a ƙasashen da ke da tsauraran dokoki, sai a yi tunanin abin da zai faru a kasuwar da har yanzu ake kuka da jabun taki da gurɓataccen maganin feshi. Halitta ce mai rai, zafin shago da daɗewa a ajiya suna iya kashe ta, kuma mai saye ba shi da hanyar ganewa da ido. Ba muna cewa duk irin waɗannan kaya na banza ba ne. Aflasafe da cibiyar IITA ta samar don rage gubar fumfuna a masara da gyaɗa shi ma fumfuna ce mai amfani, kuma ya sami karɓuwa ne saboda an zaɓo irinsa daga ƙasar Najeriya, an gwada shi shekaru a gonakin manoma kafin a kai shi kasuwa. Wannan shi ne ma'aunin da ya kamata a riƙe.

Abin da muke kira a yi

Da farko, manufar noma a ƙasashenmu ta daɗe tana auna nasara da yawan buhunan takin da aka raba. Taki wajibi ne, domin fumfuna ba ta ƙirƙirar fosfat, wanda ke cikin ƙasa kawai take kwasowa, kuma gonar da ake ɗiba ba a mayarwa dole ta ƙare. Amma tashin farashin taki a 2022, bayan ɓarkewar yaƙin Rasha da Ukraine, ya nuna haɗarin jingina komai a kan abin da ake shigowa da shi. Kusan kashi 70 cikin ɗari na ajiyar dutsen fosfat da aka sani a duniya yana hannun Maroko. Duk dabarar da za ta sa tsiro ya ci moriyar ɗan takin da aka zuba ta cancanci kuɗin gwamnati. Dabarar zuba taki ɗan kaɗan a gindin shuka, wadda aka gwada sosai a Nijar, ta dace da wannan tunani.

Na biyu, cibiyoyinmu irin su Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru a Zariya, da Cibiyar Noma a Busassun Yankuna ta Jami'ar Bayero a Kano, da INRAN a Nijar, su sami kuɗin yin irin gwajin da aka yi a Brandon, amma a kan albasa bayan kabeji, da masara bayan shinkafar fadama, da dawa a gonar ƙuduji. Su kuma duba yadda fumfunar ƙasarmu ke aiki da dutsen fosfat na Tawa da na Sakkwato. Gwaji ne da ba ya bukatar kuɗi masu yawa, haƙuri da 'yan damina kawai yake so.

Na uku, Najeriya tana da dokar kula da ingancin taki tun 2019. Masu aiwatar da ita su tabbatar cewa duk wani kaya da aka ce yana ɗauke da halitta mai rai an gwada shi a ɗakin bincike na cikin gida kafin ya isa hannun manomi, kuma a rubuta ranar da zai lalace a jikinsa.

Na huɗu, malaman gona da masu shirye-shiryen noma a rediyo su isar da saƙon cikin harshen da manomi zai gane: a riƙa juya hatsi da wake ko gyaɗa, a rage yawan haro inda babu bukata, a bar wani kaso na kara da karmami ya rufe ƙasa, a zuba takin gargajiya, a tare zaizaya, a kuma bar gawo da sauran itatuwa a gona don ƙasa ta kasance da saiwa mai rai ko da rani. Mun san karan nan abincin dabbobi ne kuma makamashi ne, don haka ba za a ce a bar shi duka ba. Amma manomin da ya san abin da yake asara idan ya share gonarsa ƙal zai fi iya yanke shawarar nawa zai kwashe, nawa zai bari.

Manomin Saskatchewan da ya daina shuka filaks bayan kanola bai kashe ko sisi ba, tsarin shukarsa kawai ya gyara, saboda masu bincike sun yi aikinsu kuma sakamakon ya iso gare shi. Namu manoman sun riga sun gaji rabin wannan ilimi daga iyayensu. Abin da ya rage shi ne hukumomi da jami'o'i su cika musu sauran rabin kafin damina ta gaba ta zo da nata tsaikon.